Yadda mai jirgi zai bi Kogin Kwara daga Yawuri zuwa Gaya da Malanbil ba tare da an ɗaure masa jirgi ba

Mai jirgin da ya tashi daga Yawuri ya yi sama da ruwa, ya wuce Lolo ya doshi Gaya ta ƙasar Nijar, kogi ɗaya yake bi amma hukuma uku ce a kansa. Da zarar ruwan Najeriya ya ƙare a wajajen Dole Kaina, gaɓar da ke hannunka na dama ta Nijar ce, ta hagu kuma ta Benin. Kowace ƙasa da nata kwastan, da nata 'yan sanda, da tata doka, kuma babu wadda ke karɓar "ban sani ba" a matsayin uzuri. Sarkawa da Dandawa da Zabarmawa sun daɗe suna bin wannan ruwa tun ba a ja iyaka ba, shi ya sa har yau wasu ke ɗaukar takarda a matsayin ɓata lokaci. A ganina kuwa, jirgin da aka ɗaure a Malanbil, garin Benin da ke tsallaken Gaya, galibi tun a tashar gida aka yi sakacin da ya jawo masa. Ga yadda za ka shirya tun kana kan tudu.

Mataki na farko: ka yi wa jirgin rajista

Hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a Najeriya ita ce NIWA. Doka mai lamba 13 ta 1997 ce ta kafa ta, hedikwatarta na Lokoja, kuma tana da ofishi a Yawuri. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta raba gardama tsakaninta da gwamnatin Legas, ta ce ikon irin waɗannan hanyoyin ruwa na gwamnatin tarayya ne. Saboda haka tikitin ƙaramar hukuma da katin ƙungiyar masu jirage suna da amfaninsu a tasha, amma ba sa tsayawa a madadin rajista.

Ka je ofishin da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka riƙe shaidar mallakar jirgin, wato rasidin wanda ya ƙera maka shi, ko takardar ciniki mai sa hannun shaidu in saye ka yi a hannun wani. Ka haɗa da rasidin inji da katinka na ɗan ƙasa. Za a duba jirgin, a ga girmansa da lafiyar katakonsa, a faɗa maka yawan mutanen da aka yarda ya ɗauka. Kuɗin gwamnatin tarayya ta banki ake biyansa a ba ka rasidi, kada ka damƙa wa wani a hannu don ya ce zai ƙarasa maka. Idan lamba ta fito, ka sa a rubuta ta da fenti a gefe biyu na jirgin da manyan baƙaƙe, tare da adadin fasinja. Matuƙin ma ka tambaya masa lasisi, musamman in ba kai ke riƙe da inji ba.

Akwai wani ɗan aiki da mutane ke raina wa. Kowane inji, Yamaha ne ko waninsa, yana da lambar da kamfani ya buga a jikinsa, wajen da ake ɗaure shi a jirgi. Ka kwafe ta a takarda, ka ɗauki hotonta a waya. Inji shi ne abin da ɓarayin ruwa suka fi so, kuma da sun kwance shi sai su haye da shi wata ƙasa. Ranar da aka gan shi a can, wannan lamba ce kaɗai za ta raba ka da musu. Haka nan in za ka sayi na hannu, wanda aka kankare lambarsa ka bar wa mai shi kayansa komai arharsa.

Mataki na biyu: riga, lodi da dare

Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta wa kowane fasinja rigar ruwa, wato ta kariya daga nitsewa, sun hana lodin da ya wuce kima, kuma NIWA ta hana tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Ba don a takura wa kowa aka yi su ba. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya tsage a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum sama da 150 a ciki. A Yunin 2023 'yan biki sama da 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa cikin dare. Ranar 1 ga Oktoba 2024 kuma masu zuwa Maulidi ne suka nitse a kusa da Gbajibo ta jihar Neja, shi ma da dare. Na sha jin ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma wanda ya zuba wa jirgi ninkin abin da zai iya ɗauka ya tashi bayan magariba, shi ma za a tambaye shi.

Ka sayi riguna daidai da adadin da ke jikin jirginka, har da ƙananan na yara, kuma a saka su tun kafin a kwance igiya. Rigar da ke ƙarƙashin buhunan albasa ba ta ceton kowa. Tsakanin Yawuri da Wara ruwan tafkin Kainji ne, wanda aka tare tun 1968, kuma akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a tsaye a ƙasa. Da rana gogaggen matuƙi yana gane su, da dare kuwa sai dai a ji ƙara. Ka lissafa tafiyarka yadda la'asar za ta same ka kusa da inda za ka kwana.

Mataki na uku: manifes

A nan nake so ka fi natsuwa, domin wannan takarda ita ce mafi arha a cikin duk abin da zan lissafa, kuma ita ce mafi amfani. Littafin makaranta da biro sun isa. Kafin a tashi, yaron jirgi ko ɗan kamasho ya rubuta sunan kowane fasinja, garinsu, inda zai sauka, da lambar wayar wani nasa. Jariri a goye ma a ƙirga shi. A ƙasa a rubuta kaya: buhu nawa, na mene ne, na wane ne. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a tasha wurin shugaban ƙungiya ko Sarkin Ruwa, ɗaya ya bi jirgi a cikin leda mai kulle ko robar da ruwa ba ya shiga. Ka ɗauki hotonsa ka tura wa wani a gida ta WhatsApp tun kana da sabis.

Lokacin haɗarin Wara, alƙaluman da aka riƙa bayarwa na mutanen da ke cikin jirgin sun sha bamban, kuma masu ceto ba su san ranar da za su ce sun gama nema ba. Wannan kenan a cikin ƙasa ɗaya. Ka ƙaddara abin ya faru sama da Dole Kaina, inda ruwa zai iya ɗaukar mutum daga gaɓar Benin ya kai shi Najeriya. Hukumar wace ƙasa za ta san wa take nema in babu suna a rubuce?

Manifes kariya ce gare ka kai ma. In aka buɗe wani ƙunshi aka ga abin da doka ta hana, tambayar farko ita ce na wane ne. In yana rubuce da sunan mai shi tun daga tasha, kuma akwai kwafi a gida da ke tabbatar da haka, kana da bakin magana. In babu, kowa zai kau da kai, kaya ya zama na mai jirgi.

Mataki na huɗu: takardun mutane

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza, amma da sharaɗin ya riƙe takardar tafiya kuma ya shiga ta ƙofar da hukuma ta sani. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS su ne suka fi kwanciyar hankali, a haɗa da katin rigakafin shawara. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan waɗannan ƙasashe har sai an sake sanarwa, sai dai bincike a ɓangaren Nijar ya ƙara tsauri, don haka kada ka dogara da cewa jami'in ya san fuskarka.

Ka duba takardar kowane fasinja kafin ya taka jirgi. Yaro ko yarinya da ke tare da wanda ba uba ba, ba uwa ba, ka tambaya har ka gamsu. Safarar mutane laifi ne babba a ƙasashen uku, a Najeriya hukumar NAPTIP ce ke bin sa, kuma wanda ya yi fiton ba ya fita a cikin zargi.

Mataki na biyar: kaya

Dokar kwastan ta Najeriya ta 2023, kamar wadda ta gada, ta ba da ikon ƙwace abin hawan da aka yi fasa-ƙwauri da shi. Wato ba kayan kaɗai ke tafiya ba, har jirgi da inji. Kuɗin haya na rana ɗaya bai kai wannan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shinkafar waje an hana shigo da ita ta iyakokin tudu tun 2016, kuma bin ruwa ba ya halatta ta. Fetur ne abin da ya fi jawo wa masu jirgi rigima, domin dole ka ɗauki mai, kuma jami'i na iya cewa na sayarwa ne. A Nuwamban 2019 gwamnati ta taɓa hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a 2024 kuma kwastan suka buɗe wani samame na musamman kan masu fitar da shi. Ka ɗauki abin da injinka zai sha zuwa da dawowa da ɗan ƙari, ka riƙe rasidin gidan mai, ka rubuta yawan jarkokin a manifes, kuma ka iya faɗin lita nawa injinka ke sha a wannan tafiya in an tambaye ka. Ƙwayoyi irin su taramadol, makami ko harsashi, da fatun jakuna, waɗannan ko kusa. Hatsi kuwa dokarsa tana sauyawa, domin ƙasashen nan kan hana fitar da shi idan abinci ya yi tsada, sai ka tambaya a makon da za ka tashi.

Akwai kuma batun tsaro. Tun da Lakurawa suka addabi wasu sassan Kabi da Sakkwato, 'yan bindiga kuma suka yi sansani a gandun dajin da ake kira W da ke sama da Gaya, jirgin da ya ɗauko babura sababbi, ko mai da yawa, ko abinci mai yawa ba tare da sanannen mai shi ba, ana yi masa kallon mai kai wa 'yan ta'adda kaya. Wannan zargi ya fi na fasa-ƙwauri muni nesa ba kusa ba, kuma ba tara ake biya a fita ba. Duk ƙunshin da mai shi ya ce kada a buɗe, ko ya ce wani zai karɓa a wani lungu da ba tasha ba, ka sauke masa abinsa.

Kayan halal kuma a bayyana su a wurin kwastan, a biya duti, a karɓi takarda. Mai ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, doka ta ce ya bayyana su.

Mataki na shida: ka tambayi halin da iyaka ke ciki

Wannan iyaka ba ta zama a hali ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, amma Nijar ta ci gaba da toshe gadar Gaya da Malanbil, har fito ya koma hannun masu kwale-kwale. Daren da za ka tashi ka kira wani amintacce a tashar da za ka sauka, ka kuma leƙa wurin jami'an shige da fice a Lolo ko Dole Kaina ka ji daga bakinsu. Labarin makon jiya ba abin dogaro ba ne.

Mataki na bakwai: ka san ruwan wa kake ciki

Tun yarjejeniyar Yamai ta 1963 ƙasashen kogin suka amince jirage su riƙa zirga-zirga a cikinsa, kuma hukumar raya Kogin Kwara mai ƙasashe 9, wadda mazauninta ke Yamai, a kan wannan tushe ta taso. Sai dai damar wucewa daban, damar sauka daban. Kana iya bin hanyar jirgi ka wuce, amma da ka ɗaura igiya a gaɓa ko ka sauke mutum, ka shiga ƙasar.

Tsakanin Nijar da Benin, kotun duniya da ke Hague ce ta ja layin ranar 12 ga Yuli 2005. Ta ce iyaka ta bi wuri mafi zurfi a babbar hanyar jirgi, kamar yadda take lokacin samun 'yancin kai a 1960. Cikin tsibirai 25 ta ba Nijar 16, har da Lete da aka daɗe ana rikici a kansa, ta ba Benin 9. Abin lura a nan shi ne layin ba tsakiyar kogi yake bi ba. Wani wuri ya matso kusa da gaɓar Benin, wani wuri ya koma ta Nijar, kuma tsibirin da ka ga ya fi kusa da wata gaɓa ba lallai na ƙasar ba ne. Ga shi kogin yana cika sau biyu, na damina mai laka da na lokacin sanyi da ke gangarowa daga ƙasar Gini, kuma kowace cika tana sauya kamannin yashi da rassan ruwa. Idan ba ka saba da wannan yanki ba, ka ɗauki ɗan gari ya zauna a goshin jirgi. Kada ka tsaya salla ko girki a tsibirin da ba ka san na wa ba ne, kada kuma ka jefa taru a ruwan da ba ka da izinin su a cikinsa, jami'an gandun daji da ruwa na ƙasashen Faransanci ba sa wasa da wannan.

Da ka isa, tasha ta hukuma za ka nufa kai tsaye. Kai ka fara sauka da takardu, fasinja su jira a ciki har a ba da izini.

Mataki na takwas: idan 'yan sintiri suka tsayar da kai

A ruwan Najeriya kana iya haɗuwa da 'yan sandan ruwa, kwastan, jami'an shige da fice, NDLEA ko sojoji. A Nijar jandarma ne da 'yan sanda da duwan, wato kwastan ɗinsu. A Benin tun 2018 aka haɗe jandarma da 'yan sanda suka zama runduna ɗaya. Ko su wane ne, ka rage wuta nan take, ka juya gefe yadda igiyar ruwanka ba za ta bugi nasu jirgin ba, kowa ya zauna hannunsa a fili. Kada a jefa komai a ruwa, ko da ledar banza ce, domin daga nesa ba a san me aka jefa ba. Mutum ɗaya ya yi magana. Ka yi sallama, ka miƙa takardu kafin a tambaya, in ba ka jin Faransanci ka nemi mai Dandanci ko Zabarmanci a cikin fasinja, ko da yake Hausa ma tana ci a waɗannan tasoshi.

Kada ka gudu da nufin ka faɗa ruwan wata ƙasa. Gaskiya ne jami'in wata ƙasa ba shi da ikon kamu a cikin wata sai da yarjejeniya, amma ba ya bukatar ya bi ka, waya zai ɗaga. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971. A Nuwamban 2019 ƙasashen uku suka zauna a Abuja suka amince da kafa sintirin haɗin gwiwa na 'yan sanda da kwastan da shige da fice da sojojin ruwa. Akwai kuma rumbun bayanan 'yan sandan Afirka ta Yamma da Interpol ta taimaka aka kafa, wanda Nijar da Benin na cikin ƙasashen da aka fara gwada shi. Siyasa takan sanyaya wannan hulɗa, takan kuma farfaɗo da ita: a Agustan 2024 hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai aka sa hannu kan ci gaba da aikin tsaro tare, a Maris 2025 kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Amma jami'an da ke gaɓa biyu na kogi ɗaya sun san juna, kuma lambar da ke jikin jirginka ana karanta ta daga nesa. Ga haɗarin da ya fi duka: a yankin da ake fama da 'yan bindiga, jirgin da ya ƙi tsayawa ana iya buɗe masa wuta, da mata da yara a ciki.

In an ce ka yi laifi, ka tambaya cikin ladabi wane laifi ne, ka nemi rasidin tara. Ba a rasa masu neman na goro a kowace iyaka, amma mai cikakkun takardu ya fi ƙarfin cewa a kai shi ofis.

Mataki na tara: in an riƙe jirgi, ko an yi haɗari

Ka nemi takardar da ke nuna abin da aka riƙe: jirgi, inji da lambarsa, kaya da adadinsu. Ka san sunan ofishin da garin. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a takardar Faransanci sai an fassara maka. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema, kuma Najeriya na da ofishin jakadanci a Yamai da Kwatano. Ka nema da bakinka. A lokaci guda ka aika wa shugaban ƙungiyarku da Sarkin Ruwa, domin sau da yawa su da takwarorinsu na ƙetare ne ke fara buɗe ƙofar magana, kuma kwafin manifes ɗin da ka bari a hannunsu shi za su tafi da shi. In maganar ta kai kotu, lauyan ƙasar da aka kama ka za ka ɗauka, na gida ba zai iya tsaya maka a can ba. Kada ka yarda wani ya ce zai kwanto maka jirgin da dare, wannan sabon laifi ne a kan na farko.

In haɗari ne, rai ake fara ceta, a fitar da mutane a gaɓar da ta fi kusa ko ta wace ƙasa ce. Daga nan ka kai rahoto ga hukumar wurin, ka ba su manifes, ka sa a sanar da garuruwan da ke ƙasa da ruwa har cikin Najeriya, saboda can ruwa ke kai abin da ya ɗauka. Idan ka dawo gida ka sanar da ofishin NIWA, kuma kada jirgin ya sake ɗaukar fasinja sai an duba shi.